Kafin Bas Mai Caji Ta Iso Karaye Da Rogo

Da hantsi a tashar motar Karaye, wata Hayis ce a kan layi, ƙofa a wangale, saura mutum uku ta cika. Wata dattijuwa ta ƙaraso da jikarta da ƙullin kaya, za ta Kano dubiya. Ɗan kamasho ya faɗa mata kuɗin mota. Ta kwance bakin zane, ta ƙirga abin da ke ciki, ta ɗago ta ce, "Haba ɗan nan, ai a da wannan kuɗin zuwa da dawowa ne har da na tsaraba."

Ya ce, "Gwaggo, ki je gidan mai ki tambaya. Ni ɗan aike ne."

Wani matashi da ke kujerar baya ya ɗago daga wayarsa ya ce a China yanzu motocin haya sun daina shan mai, caji ake yi musu kamar waya. Direba na kishingiɗe a kan benci a gindin darbejiya, bai ko motsa ba ya ce, "To Malam, a wane soket ɗin? Wayar taka ma a shagon mai janareta ka cika ta." Tasha ta ɗauki dariya.

Irin wannan raha ta zama ruwan dare tun da mai ya yi tashin gwauron zabi. Matashin bai yi ƙarya ba, domin tun 2017 birnin Shenzhen na can China ya mayar da dukkan bas-bas ɗinsa masu lantarki. Direban ma bai yi ba. Abin da nake gani shi ne motar haya mai lantarki za ta iya aiki a hanyar Karaye da Rogo, har ma ta fi dacewa da tsarin tashoshinmu fiye da yadda ake zato, amma da sharaɗin a amsa tambayar direban nan tukuna. Wanda ya sayo mota kafin ya gina inda zai yi mata caji ya sayi biri a sama.

1. Lissafin direba

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Ta ɗan sauko daga baya, amma ba ta sake leƙa inda ta baro ba. Mutumin birni na iya takawa da ƙafa ko ya hau A Daidaita Sahu. Mutumin Rogo da zai kai mara lafiya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano sai ya ci fiye da kilomita 100 kafin ya ga ƙofar asibitin, kuma kowane kilomita da farashinsa.

Mu yi lissafi irin na bakin tasha. A ce Hayis da cikakken lodi tana shan lita 13 a kilomita 100, wadda ta tsufa ma ta fi haka. A ce lita naira 900 ce. Kuɗin mai ya kama 11,700. Bas mai lantarki mai irin wannan girma tana cin kimanin yunit 30 a wannan tazara, yunit ɗin nan da mitar gida ke ƙirgawa. Ko da an saye shi a farashi mafi tsada, wato naira 225 da aka yanka wa masu amfani da wuta 'yan Rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya tsaya a 6,750. Rarar kusan naira 5,000 ke nan a kowane kilomita 100. Direban da ke zuwa Kano daga Rogo ya dawo a yini ya tsira da 10,000, a kwana 25 na aiki ya tara 250,000.

Ban da haka, babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, babu salansa da za ta fashe a tsakiyar hanya. Birki ma yakan daɗe bai cinye ba, saboda in direba ya ɗaga ƙafa injin ne ke rage gudun motar, ya kuma mayar da ɗan caji cikin batir. Duk wanda ya taɓa riƙe motar haya ya san rabin balas ɗin wata a garejin bakanike yake ƙarewa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Sabuwar bas mai lantarki miliyoyinta goma-goma ake ƙirgawa, ta ninka tsohuwar Hayis 'yar Kwatano nesa ba kusa ba. Gwamnatin Tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT a Oktoban 2024, abin a yaba ne, amma bai sa farashin ya sauko inda hannun direban Karaye zai kai ba. Rarar miliyan uku a shekara tana da daɗin ji, amma sai ta yi shekaru kafin ta cike giɓin. Motar da ke kan hanya kullum ce kawai za ta iya biyan kanta.

2. Ina wutar take?

Nan ne maganar take, kuma nan masu tallar motocin ke saurin wucewa.

KEDCO ce ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Rukunin A da na yi lissafi da farashinsa shi ne wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma galibi a wasu unguwannin birni da wuraren masana'antu yake. Kowa ya san yadda wuta ke zuwa a garuruwan karkara: ta zo tsakar dare, ta tafi kafin asuba, in taransifoma ta ƙone a yi ta karo-karo. Har birnin ma bai tsira ba. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu. Da a ce motocin hayar Karaye duk masu caji ne kuma da wutar gwamnati suka dogara, da babu wanda ya je kasuwa ko asibiti a wannan makon.

Wani zai ce a tayar da janareta. Ƙaramin janareta mai fetur ba ya fitar da fiye da yunit biyu daga lita guda. Yunit 30 zai ci lita 15 ko fiye, alhali Hayis ɗin da ake gudu lita 13 ta sha. An gudu ba a tsira ba.

Amsar tana cikin tashar kanta. Motar haya a garuruwanmu ba ta yini tana gudu. Ta yi sahun safe, ta sauke fasinja, ta shiga layi, wani lokaci awa uku ko huɗu kafin a zo kanta, sannan a jira ta cika. Wannan zama da direbobi ke ɗauka asara shi ne daidai lokacin da rana ta take, kuma rana ce dukiyar da ba mu taɓa yin ƙarancinta ba. Farantin sola mai wat 550 yana ba da kimanin yunit biyu da rabi a yini a irin ranarmu. Motar da ke buƙatar yunit 60 tana son faranti 24. Mota biyar, faranti 120. In aka jera su a kan rumfa, ga wuta ga kuma inuwar da fasinja da masu sayar da abinci za su fake. Na'urar caji mai sauri tana cika irin wannan mota cikin awa ɗaya zuwa biyu, inda soket ɗin gida zai kwana ya yini bai gama ba. Mota ɗaya ta sha ta matsa, ta bayanta ta shigo. Ba sai an koya wa 'yan tasha bin layi ba, da shi suka tashi.

Ba na cewa abin ba shi da cikas. Hazon hunturu da gizagizan Agusta suna rage ƙarfin sola, ƙura kuma sai an riƙa gogewa, wanda shi ma aikin yi ne ga yaro ɗaya ko biyu. Motar da za ta yi sahun asuba tana buƙatar ta kwana a cike, don haka dole a samu batirin ajiya a tashar, a kuma yi wata rumfar a Kabuga inda motocin yammacin Kano ke sauke fasinja. Rumfa ɗaya a kowane bakin hanya, shi ne mafi ƙarancin abin da zai sa direba ya kama hanya hankali kwance.

An riga an gwada wannan a Arewa. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ya nuna abin yana yiwuwa, sai dai harabar jami'a ba nan ne fasinja ke layi ba. Misalin da ya fi kusa da mu na Maiduguri ne. A daidai lokacin da garin ke cikin duhu bayan an tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a Janairun 2021, wani matashi, Mustapha Gajibo, yana cire injinan fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir, suna cin kimanin kilomita 150 a caji guda, kuma da sola yake yi musu caji. A Disambar 2023 gwamnatin Borno ta Gwamna Zulum ta zuba nata motocin haya masu lantarki da masu gas a garin. Garin da ya fi kowa rashin wuta shi ya riga kowa, saboda bai tsaya jiran wutar ba.

3. Hanya da lodi

Amma kama da wane ba ta wane. Motocin Maiduguri a cikin gari suke zagayawa, a kan kwalta, kusa da wurin caji. Tamu tafiyar doguwa ce, lodinmu kuma na daban ne.

Nisan da kamfani ke rubutawa a takardar mota ya auna shi ne a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da adadin mutanen da aka ƙera ta dominsu. Mu kuwa mai kujera 14 mutum 18 take ɗauka, yara a cinya, buhunan masara a but har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya, damin rake a sama. Kowane buhu yana cin nasa rabon daga batir. Motar da aka ce tana kilomita 200, a hannunmu kada a sa ran fiye da 140 ko 150. In Hayis ta ƙare da mai a tsakanin Kabo da Karaye, yaron mota ya ɗauki galan ya tare ɗan acaɓa, cikin rabin awa ya dawo daga wurin ɗan bumburutu. Mai caji in ta mutu a daji, sai igiya da wata motar.

Batirin kuma a ƙarƙashin motar yake kwance, inda dutse da bakin rami ke duka. Saboda haka manyan hanyoyi ne nata: Karaye zuwa Kano ta Kabo ko ta Gwarzo, Karaye zuwa Rogo, Rogo zuwa Maƙarfi. Hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka, waɗanda da damina ta sauka sai ka ga fasinja sun sauko suna turi, a bar wa tsofaffin motocin da suka saba da su. Mutumin Zarewa ko Fulatan ko Yammedi zai ci moriyar abin in ya fito babban titi.

Akwai wani abu ƙarami da ba a cika ambata ba. Motar ba ta da ƙara. A garuruwan da yara da awaki ke tsallaka titi da kunne, direba sai ya ƙara kula, ya kuma saba da oda.

4. Batir da bakanike

Kamfanoni da yawa suna ba da garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. Mai motar gida zai ji shekara 8 ya yi murna. Direban haya mai cin kilomita 200 a yini, kwana 300 a shekara, ya ci 60,000 ke nan, kafin shekara uku garantin ya ƙare. Batir kuwa shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma zafi maƙiyinsa ne, ga shi a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Akwai nau'in batir da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi da yawan caji, shi ya kamata mai saye ya nace a kai.

Babban tarkon da nake hango wa mutanenmu shi ne na gwanjo. Mun saba da sayen 'yar Kwatano: a tayar da inji, bakanike ya kasa kunne, ya duba hayaƙi, ya ce a biya. Batir ba ya tari ba ya hayaƙi. Sai da na'ura ake gane ko rabin ransa ya tafi. Nan da 'yan shekaru ƙasashen da suka riga mu za su fara zubar da tsofaffin motocinsu masu lantarki, kuma mun san tashar jiragen ruwan da za su nufa. Araha ba ta ado.

A Kenya an samo wata dabara. Kamfanin BasiGo, wanda ya fara aiki a Nairobi a 2022, yana ba masu motocin haya bas, amma batir da caji da gyara suna wuyansa, mai mota yana biya gwargwadon kilomitan da ya yi. In batir ya lalace, ciwon kan kamfani ne. Duk dillalin da zai kawo mana mota, irin wannan yarjejeniya ya kamata a nema a wurinsa. A Najeriya ma akwai masu haɗa irin waɗannan motoci, kamar Jet Motors a Legas, kuma wanda ke cikin ƙasa ya fi sauƙin kamawa in abu ya ɓaci.

Sai maganar masu gyara. Yau in Hayis ta lalace, kafin la'asar an samo kayanta a Ƙofar Ruwa. Mai caji fa? Wutar da ke cikin batirinta tana kai bolt 300 zuwa 400, mai rewayan da ya saba da batir mai bolt 12 in ya sa hannu da ka, gawarsa za a ɗauka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo, ga Jami'ar Bayero a kan hanyar, ga ta Aliko Dangote a Wudil. A ɗebi yaran garejin Karaye da Rogo a horar da su tun motocin ba su iso ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Mai babban iyali

Magidanci mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, wanda Sienna ko Sharon ta yi wa kaɗan, shi ne ya fi kowa kwaɗayin irin wannan mota, kuma shi nake ba shawarar ya dakata. Motarsa yawancin mako a ajiye take. Biki ne, suna ne, ta'aziyya ce, sai ziyarar 'yan makarantar kwana. Rarar man da zai yi ba za ta biya kuɗin motar ba ko da jikokinsa sun gaje ta. Ranar da ya fi buƙatarta kuwa, ranar da naƙuda ta taso ƙarfe biyun dare, ita ce ranar da zai iya tarar da batir saura kaɗan saboda an kwana uku babu wuta.

Wanda ke da sola mai ƙarfi a gida, kuma yana sa motar haya in ba ya amfani da ita, lissafinsa daban ne. Haka masu makarantun kuɗi da Islamiyyu da ke jigilar ɗalibai: tafiyar gajeriya ce, an san nisanta, motar kuma tana tsaye daga safe har a tashi, rana na dukanta a banza. Sauran magidanta kuwa, in tasha ta samu motocin, sai su ɗauki shata ranar kai amarya, a kuɗin da bai kai na yanzu ba.

6. Wa zai fara?

Tsorona shi ne a yi abin da aka saba. Duk lokacin da mai ya tashi, gwamnati motoci take sayowa. An yi a 1988 zamanin Babangida da shirin sufurin jama'a, an sake yi a 2012 bayan rikicin tallafin mai na zamanin Jonathan. A yi musu fenti, a manna hoton mai girma, a yi taro da makaɗa, a raba wa na hannun dama. Bayan shekara biyu ka gan su a bayan sakatariya a kan duwatsu, babu taya. Motar fetur ma haka ta ƙare, ina ga wadda ba ta da wurin caji ba ta da mai gyara.

Direba ɗaya ba zai iya gina rumfar caji ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da fili, tana da layi, tana karɓar kuɗi kullum, ta kuma san wane ne mai riƙon amana a cikin 'ya'yanta. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su gina rumfar, ƙungiya ta riƙe ta, kowace mota ta biya kuɗin yunit ɗin da ta sha a kan mita. Dokar masarautu ta 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a ƙarƙashin Masarautar Karaye, don haka akwai zauren da za a zaunar da shugabannin biyu da 'yan kasuwar yankin a tabarma ɗaya. Masu hali a cikinsu su zuba jari a motocin, direbobi su riƙa biya sannu a hankali kamar yadda ake yi da A Daidaita Sahu.

Gwamnatin jiha ma tana da nata. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu su kuma tsara kasuwarta. Dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a farkon shekarun 1990, a ƙasar Karaye yake, gonakin mutanen nan ruwansa ya ci, kuma tun zangon Kwankwaso na biyu aka fara aikin samar da lantarki a can da Tiga. Ko nawa ce wutar da dam ɗin zai bayar, bai kamata wayoyi su ɗauke ta su wuce ta saman kan masu masauki zuwa birni ba tare da an sauke wa tashar Karaye rabonta ba.

Kada a fara da mota hamsin. Biyar sun isa, su ci rani ɗaya da damina ɗaya, a rubuta komai: yunit nawa suka sha, sau nawa suka tsaya a hanya, me gyara ya ci. A kafe takardar a bangon tasha kowa ya karanta. A kuma sa sharaɗi tun farko cewa kuɗin kujera a mota mai caji ya yi ƙasa da na mai fetur, in ba haka ba rarar a aljihun mai mota za ta tsaya, fasinja bai gani a ƙasa ba.

Shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da shugabannin tashoshinmu: duk ɗan kwangilar da ya zo muku da takardar sayen motoci masu lantarki, ku ce ya fara ajiye muku takardar rumfar caji, da ta garantin batir, da sunayen yaran garinku da zai horar. In bai zo da su ba, ku mayar masa da takardarsa.